Ƙosai a Cikin Littafin Rifkatu

Yaya Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya jikinki, ƙafar ta yi sauƙi? Ya maigida da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Maiduguri lafiya, sai zafi.

Yaya, raina a ɓace yake. Littafin nan mai hotuna na labaran Maganar Allah da kika aiko wa 'yata Rifkatu, kullum bayan addu'ar yamma sai ta karanta wa ƙannenta shafi biyu. Yarinyar da a da sai da bulala take buɗe littafi!

Ran Asabar na sayo ƙosai a Gwange. Ina buɗe ƙunshin, sai ga hoton yaron nan da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya, ya jiƙe sharkaf da mai. Ashe Bitrus, ƙanin maigidana, shi ya kwashe takardun ɗaki, har da littafin, ya kai wa mai ƙosai, wai yana gyara. Da na yi magana, ko kunya babu, ya ce, "Haba Anti, takarda ce fa. Su duba a waya." Kuma wai wannan ne malamin yara a coci! Ƙosan nan kasa cinsa na yi.

Rifkatu ta goge shafin, ta adana a jakarta. Jiya ta tambaye ni, "Mama, an fito da shi daga rijiyar?"

Ki samo mana wani, don Allah. Ki sa ni a addu'a, kada bakina ya kai ni ga zunubi. Ki gaida Baba da kowa.

Ƙanwarki,
Hannatu