Na ce musu likita ne ya hana ni nama

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni 'yar Darki ce, aure ya kawo ni Sabon Garin Wudil, gidan mahauta, mijina da mahaifinsa da ƙannensa duk sana'arsu ke nan. Da za a kawo ni Babana ya ba ni akuya, ni na raine ta da hannuna tun uwarta ta mutu, ko ina na nufa tana bina. Bara na je gida biki, na dawo na tarar mijina ya yanka ta, wai wani mai tsire ne ya matsa masa kuma bai samu shiga kara sayen dabba ba. Cikinta ya tsufa fa, kowa ya sani. A bayan gida na ga 'ya'yan guda biyu an watsar, kaji na tsattsagarsu. Da na yi kuka dariya ya yi, wai akuya ce ba ƙanwata ba.

Tun ranar nama bai sake wuce maƙogwarona ba. Ban ce haramun ba ne, wallahi na san halal ne, ni dai in na ɗauki tsoka su nake gani. Amma wa zai faɗi haka a gidan mahauta? Sai na ce hawan jini gare ni, likita ya hana. Nan da nan kowa ya shiga tausayina, surukata Hajiya har zogale take aiko min, ana ta sannu.

Kuskurena na gaya wa ƙanwar mijina gaskiya, na ɗauka ƙawata ce. Kafin la'asar magana ta kai kunnen Hajiya. Bayan 'yan kwanaki ta tara matan gida ta ce in da ciwo ne da sauƙi, ashe ƙyamar sana'arsu nake, naman da aka biya sadakina da shi. Wai tun da ta ji ta sa a riƙa zuba min romo a miyar kuka, kuma tas nake sharewa, ta faɗa suna tafawa. Na yini ina amai, ba wanda ya miƙo min ko ruwa. Yanzu yaran gida in sun gan ni sai su yi kukan akuya.

To ga ni da ciki, haihuwa yau ko gobe. Hajiya ta rantse ranar suna sai na ci ƙauri a gaban mata, farfesun ƙafar saniya da ake wa mai jego, in na ƙi in tattara in koma Darki, ɗa kuwa nasu ne.

Baba bai san komai ba. Shekaranjiya ya aiko min da wata akuyar, wai ta jariri ce, ita ma da ciki. Tana ɗaure a tsakar gida. Kullum da safe mijina sai ya tsaya ya matsa bayanta kamar yadda yake yi a kara, ya kalle ni yana murmushi. Jiya ya ce zaɓi na wurina, in na ci ƙauri zai bar ta ta haihu, in ban ci ba ita ce ƙaurin.

'Yan uwa ya zan yi? In runtse ido in ci, in gaya wa Baba, ko in kwance ta mu kama hanyar Darki tun kafin ɗayanmu ta haihu a gidan nan?