Ruwan Safiya a Gindin Dutsen Sojoji

Dagenham, Landan.

Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar taka, da sauƙi? Ina Yaya Ladi da yara? Mu nan lafiya lau, sai sanyi.

Jikata Safiya ce ta sa na rubuto. Watan nan Turawa ke tuna sojojinsu da suka mutu, sai makarantarsu ta kai su dutsen tunawa na unguwarmu, kowane yaro da jan furensa. Ita kuwa gorar ruwa ta ciro, ta tsuguna ta yayyafa a gindin dutsen. Malamarsu ta ɗauka ɓarna ce, ta kira ni.

Na je na yi mata bayani: Babanmu, Kofur Audu, ya tafi yaƙin basasa, ko gawarsa ba mu gani ba, sai sunansa a dutsen sojoji na bakin kasuwar garinmu. Tunda babu kabari, can Inna take yayyafa ruwa duk shekara ta yi addu'a. Ashe labarin da nake ba yarinyar ya zauna mata.

Yaya, Safiyar da ko sannu ka ce mata da Turanci take amsawa, a gaban malamar ta ce, "Allah ya jiƙan Kaka Audu." Wallahi ji na yi kamar an naɗa ni sarauta.

An ce buhunan 'yan kasuwa sun rufe sunan Baba. Don Allah a kawar, a wanke wurin. Ka gaida kowa, a sa mu a addu'a. In ka je yayyafa ruwan, ka zuba har da na Safiya.

Ƙanwarka,
Hadiza