Wayar Baba Jibo

Gusau, 4 ga Yuli

Aminina Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Muzdalifa da yara. Yaya kasuwa? Na ji masara ta tashi a Tsafe, saboda haka na san bakinka ba ya rufuwa. Ni ma lafiya lau, sai fama da alli da hayaniyar ɗalibai.

Ka tuna gardamarmu ta teburin mai shayi tun muna makaranta? Kai kullum cewa kake gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa da taki da farashin hatsi, ta tsaya kan abu biyu: ta tsare rai da dukiya, ta kuma ajiye alƙali. Ni kuwa ina ce maka matsoraci, ka tsaya a rabin hanya, domin wanda ya riƙe bindiga da kotu ai komai ya riƙe. A kawar da ita baki ɗaya, mutane su yi shawara a junansu kamar yadda suke gayya. To, ka zo ƙauyenmu Tungar Jatau ka ba idonka abinci. Wata takwas ke nan da na kafa mana taron gari a gindin tsamiya, babu shugaba, kowa hannu ɗaya gare shi. Mun yashe rijiya, mun cike ramukan hanyar Bungudu, ba mu roƙi kowa ba.

Makon jiya ma muka yanke hukuncinmu na farko. Ka san Baba Jibo, abokin marigayi mahaifina, mai kiwon tumaki a bayan gari. An riƙa ganinsa kullum da la'asar yana hawa dutse da waya, inda ake samun sabis, kuma a watan ne 'yan bindiga suka kore shanun gida biyu. Yari, wanda ke jan samari masu gadin gari, ya ce shi ne infoma, mai kai musu labari. Sau uku aka tambaye shi wa yake kira, sau uku yana sunkuyar da kai. Abin da ya roƙa kawai shi ne a kai shi gaban alƙali a Bungudu. Ni na miƙe na ce ba mu da alƙalin da ya wuce mu. Aka ɗaga hannu, aka ce ya bar gari. Ba a taɓa lafiyarsa ba, ka shaida wannan.

An ce Tsafe ya nufa. In ka gan shi a kasuwa, ka duba min ko yana da wurin kwana. Ba don komai ba.

Naka,
Mahadi

Gusau, 23 ga Yuli

Halliru,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali, Allah ya sa kowa lafiya. Na gode da ka ba Baba Jibo ɗakin zaurenka. Ka ce ba ya cin abinci sosai. Ni ma haka, kuma yanzu za ka ji dalili.

Ranar taron, Yari ya ƙwace wayar ya miƙo min, tunda ni ke riƙe da alƙalami. Ta mutu, na jefa ta a jaka na manta. Shekaranjiya ina neman wata takarda na ci karo da ita, na sa mata caji. Ko minti goma ba a yi ba ta yi ƙara. Fatima ce, 'yarsa da ke aure nan Gusau. Ta ɗauka shi ne, sai ta fashe da kuka. Ashe duk wancan watan tana kwance a asibiti da ciki mai wahala, shi kuwa kullum sai ya hau dutse ya kira, ya tambayi lafiyar mutanen gida, ita kuma ta gane ita yake nufi. Na duba wayar daga sama har ƙasa. Lamba ɗaya ce tak a ciki.

Halliru, Fatima 'yar fari ce. Dattijo kamar Baba Jibo zai tsaya a gaban gari, gaban surukai da jikoki, ya ambaci 'yarsa ta fari, har ya ce cikinta ne ya hana shi sukuni? Ya gwammace a kore shi. Abin da ke cina shi ne ni ma ɗan fari ne. Har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, sai dai ya ce wancan na makaranta. Duk wanda ke wurin in ya kasa gane shirun nan, ni bai kamata in kasa ba. Amma ina can ina jin daɗin muryata.

Akwai kuma abin da na ɓoye maka a wasiƙar farko. Da aka ce a ɗaga hannu, na ga mutane suna satar kallon bindigar da ke kan cinyar Yari kafin su ɗaga. Na gani da idona, na kau da kai. Na ce babu shugaba, ashe akwai, ba mu dai zaɓe shi ba ne, kuma babu inda za a kai ƙararsa.

Fatima ta sauka lafiya, namiji. An yi suna babu kakan yaro, dangin mijinta kuma suna kiranta 'yar infoma. Don Allah ka gaya wa Baba zan sake tara mutane su janye hukuncin. Ka roƙar min gafararsa, ni ban da fuskar da zan zo da ita.

Amininka,
Mahadi

Bungudu, 8 ga Agusta

Aminina Halliru,

Sallama da fatan alheri gare ka da mutanen gida. Yaya ƙafar Baba Jibo da ka ce ta kumbura? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonsa ya iso ni. Ya ce ya yafe min albarkacin mahaifina, amma ba zai dawo da ɗaga hannu ba, domin hannun da ya sauka yau zai iya tashi gobe. Takardar alƙali yake so, wadda Fatima za ta nuna wa dangin mijinta. Ban ji ba, na tara mutane duk da haka, don ka san taurin kaina. Na faɗi komai, na ɗaga wayar sama kowa ya gani. Yari na zaune da bindigarsa a kan cinya. Hannu huɗu suka tashi, har da nawa. Bayan an watse mutum bakwai suka same ni ɗaya bayan ɗaya suna cewa sun san gaskiya na faɗa.

Kada ka yi saurin dariya. Har gobe ban yarda a damƙa wa gwamnati komai ba, kuma ranar da aka kore shanunmu babu wanda ya zo mana. Amma dattijon nan abu ɗaya ya roƙa, wurin da za a saurare shi ba tare da tsoron kowa ba, kuma ni na hana shi. Wannan kam ka ci ni.

Yau na je kotu na shigar da maganar Baba, na ba da sunana a matsayin shaida. Magatakarda ya tambayi wanda ya jagoranci korar, na ce ya rubuta sunan nan dai da ya rubuta a sama. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Samarin Yari sun daina gaishe ni, Inna kuma ta yi ta kuka tana cewa in zauna Gusau in rufa wa kaina asiri. Tsoro ina ji, ba zan ɓoye maka ba.

Ranar Litinin ne zaman, ƙarfe goma. Ka taho da Baba da wuri, ka samar masa gidan gaba a mota saboda ƙafar. Wayarsa na aljihuna, na cika ta da caji. Fatima ta ce za ta kira da la'asar, lokacin da suka saba magana. In ta yi ƙara zan miƙa masa in matsa nesa, kai ma ka biyo ni, don kada ya ji kunyar amsawa.

Naka har kullum,
Mahadi