Ɗaci a Maƙogwaro

Wara, Ngaski, 26 Fabrairu 1993

Zuwa ga ɗiyata Rahila, nas a asibitin ido, Kaduna.

Gaisuwa mai yawa. Ina aiki, ina gajiya? Mahaifinki, aminina Andarawus, lafiya lau, jiya ma na kai shi kasuwar Yelwa a jirgina, yana ta cika baki da ke.

To, maganin hawan jinin idon nan da kika ba ni, na aje shi sai bayan Sallah. Da na ɗiga sai in ji ɗacinsa a maƙogwaro, abin da ya kai maƙogwaro kuwa ai ya karya azumi. Kuma idon ba ya ciwo. Shekara arba'in ina bisa ruwa, kwalba ba ta koya mini gani. Kututture guda kaɗai na buga shekaranjiya, shi ma ta gefe ya ɓullo mini.

Babanki, Tanko mai jirgi.

Kaduna, 6 Maris

Baba, barkanku da shan ruwa, da fatan gida lafiya.

Wasiƙarku ta hana ni cin abinci. Kututturen nan ba ɓullowa ya yi ba, idonku na hagu ne ya daina ganin gefe. Ruwan cikin ido ke taruwa ya matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyar gani, ita kuwa ta mutu a hankali, babu ciwo. Gonarku da tafkin Kainji ya cinye, ta dawo? Na dama ya rage muku, kuma da shi kuke ci.

Ban san hukuncin azumi ba, sai na tambayi wani likitanmu mai azumi. Ya ce ku ɗiga da sahur, ku ɗiga bayan shan ruwa. Sannan ku rufe ido, ku danne lungunsa ta wajen hanci da yatsa na minti biyu, ba zai sauka maƙogwaro ba. Ku nuna wa liman takardar nan. In kun ƙi, zan haɗa ku da Inna Binta.

'Yarku, Rahila.

Wara, 15 Maris

Ɗiyata, sannu da ƙoƙari.

Kin san inda ake kama ni. Matata Binta ta riga ni jin labari, yanzu kwalbar na ƙulle a haɓar zanenta, ita ka ɗiga mini. Liman ya ce ba laifi. Ɗacin kuwa ya tafi, na yi mamaki ƙwarai.

Jiya bayan shan ruwa ina zaune bakin gaɓa, yatsu bisa idanu, sai ga Cindo mai kifi ya durƙusa ya fara mini ta'aziyya. Yana tambayar wa ya rasu, ni ko minti biyuna ba su cika ba, na ƙyale shi har ya kai fatiha.

Allah shi yi miki albarka. Baba Tanko.

Wara, 28 Maris

Rahila, barka da Sallah.

Likitan da ya zo Yelwa ya auna ni. Idon hagu ba ya dawowa, na dama kuwa cutar ta tsaya cak, ba ta ƙaru ba. Ranar duban wata mutane suna ta lalube a sama, ni na nuna musu shi, siriri, can bisa ruwa. Na yi kuka, wannan karon Cindo bai yi mini ta'aziyya ba.

Babanki, Tanko.