Na'urar Kunnen Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta.

Yaya, maganar na'urar jin magana da ka aiko wa Baba ce. Mako uku ke nan da isowarta, amma ba ta shigo hannunmu ba, ban kuma ga alamar za ta shigo ba. Da can ma'aikacin gidan waya ke kawo saƙo har shago, ya sha ruwa ya wuce. Yanzu an sake doka, duk ƙunshin da ya zo daga waje sai ya tsaya wurin kwastan, a biya haraji, mai kaya ya zo da katin shaida. Harajin bai dame ni ba, sunan ne. Kai da hankalinka, me ya kai ka rubuta Mai Agogo a jikin kwalin? Na sani, shekara arba'in haka kowa ke kiransa, ni ma sai na yi tunani kafin in tuna sunan da ke katinsa. To, kwamfutarsu ba ta san Mai Agogo ba.

Sau huɗu ina zuwa. Ɗaki ne mai benci biyu da 'yar taga, ta bayan jami'in kana hango kwalaye jibge har rufi. A zuwa na uku na tafi da Baba, na riƙe hoton allon shagonsa. Jami'in ya yi ta maimaita masa tambaya, Baba na murmushi yana gyaɗa kai, ko ɗaya bai ji ba, mutanen layi suna ta tsaki. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutumin ba mugu ba ne, har ya ce Baba ne ke gyara wa mahaifinsa agogo. Amma ya ce sai kamfanin da ya ɗauko kayan ya gyara sunan, su kuwa sun rufe ofishinsu na nan, wai sun dakatar da aiki sai sun gane kan sabon harajin. Kwana tara ya rage a kai kwalin gwanjo. Ka gwada ta wajenku, ko da yake ni kam na cire rai.

Ka san da kunne Baba ke aiki. Yanzu ya daina karɓar gyara, yana dai buɗe shagon ya zauna. Ya share wa na'urar wuri a teburinsa, kusa da tabarau, kullum sai ya goge. Shekaranjiya ya ciro tsohon agogonka na makaranta, ya wuni a kansa, ya kara a kunne ya daɗe, sannan ya miƙo mini ya tambaye ni ko yana bugawa. Yana bugawa, Yaya. Fita na yi waje na yi kukana. Ya ce in aika maka da shi a matsayin tukuici. Na kai gidan waya, suka ce sun daina karɓar kaya zuwa wajenku, takarda kawai.

Inna da Goggo suna gaishe ku, Kawu ma haka. Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan yara. Agogon na jakata, kullum ina ba shi wani don kada ya tsaya. Baba ya ɗauka yana hanya.

Taka har kullum,
Ƙanwarka