Ƙusar da Ka Ajiye

Kazaure, ranar Laraba, farkon damina.

Yaya Sale,

Gaisuwa da fatan rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ba ka iya boko ba, ni nake karanta maka takardu, ina jin kaina wani abu.

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da kai, kuma har yau ban huce ba. Me ya sa ka yi shiru?

Ka tuna motar da na sayo lokacin da kuɗin mai ya shigo, ina ofishin ilimi? Ranar da na kawo ta garejinka ka nuna mini wani baƙin gwangwani kusa da inji. Ka ce gawayi ne a ciki. In rana ta dafa fetur a tanki, tururin yakan bi siririn tiyo ya shiga gawayin ya zauna, in an tayar da inji ya zuƙe shi ya ƙone. Ta nan kuma tanki yake shan iska. Ka ce in riƙa duba tiyon da robar murfin tanki, kuma kada in cika tanki har baki. Na yi dariya, ni da na karanta littafin motar da Turanci.

Da aka shiga wahalar mai, sai na yi abin da kowa ke yi. Na sa aka girgiza motar a gidan mai don ta ƙara ɗauka. Fetur ya malala ya jiƙa gawayin, wari ya ishe ni. Maimakon in zo wurinka, sai na cire tiyon na cusa masa ƙusa.

Bayan kwana uku, ina ɗauke da manyan baƙi daga Kano za mu duba makarantu, motar ta mutu kafin Roni. Tanki ya rasa iska, ya lotsa kamar an taka shi. A gabansu na ce aikinka ne. Na sake faɗa a ofis, na faɗa a bakin masallaci. Ma'aikata suka janye motocinsu ɗaya bayan ɗaya, ka koma facin taya a hanyar Babura.

Jiya matarka Inna Hajara ta aiko mini da akwatin kayan aikinka, ta ce wasiyyarka ce. A ƙasan sufanoni na sami ƙusar, a naɗe cikin tsumma. Ashe kai ka zare ta tun ranar da aka jawo motar zuwa garejinka. Ka sani, ka bar ni ina wucewa ba sallama. Tausayi ne, ko horo? Da ka zage ni a kasuwa, da yanzu ina iya zama wuri ɗaya.

Gida lafiya. An yi shuka, rufin ɗakinka yana yoyo. 'Ya'yanka har yanzu sun ɗauka ubansu ya ɓata motar ƙaninsa. Ranar Juma'a zan kai musu ƙusar in faɗa da bakina. Ban san ko za su sake kirana Baba ba.

Motar ta daɗe da zama ɗakin kaji, ofishin ma sun sallame ni. Kai ka rasa garejinka, ni kuma na rasa yayana tun shekara goma sha ɗaya kafin a binne shi.

Allah ya jiƙanka.

Ƙaninka,
Ibrahim