Saƙon Rifkatu da na ƙi isarwa

Salama gare ku, masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe, don ni ma ban ƙyale kaina ba.

Ni malamar firamare ce a Kafanchan. Aminiyata, bari in kira ta Rifkatu, tun muna kwalejin horon malamai muke ci a kwano ɗaya. A Zumuntar Mata ta cocinmu ita ke ba da waƙa, ni ina kaɗa tulu. Ga ta da tsiya, in na yi sabon ɗinki sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan telan, an kama shi kuwa?" Ciwon ƙoda ya ɗauke ta bara, tana da shekara arba'in da bakwai, kuma har yau in na ji abin dariya wayata nake lalube in kira ta.

Kwana uku kafin ta rasu ina shafa mata mai a ƙafa a asibiti, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙawa, in na tafi a kai ni Godogodo, gidan babana. Mama ba ya iya shiga mota, gwiwa ya gama. Ina so in kwanta inda Mama zai riƙa ganina. Maigida ba zai iya jin wannan a bakina ba, ke ki faɗa musu." Na ce ta rufe mini baki, ita da za mu ci Kirsimeti tare. Ba ta sake ni ba sai da na yi alkawari.

Da ta rasu, dangin mijinta na Kagoro da nata suka zauna. A wajenmu matar aure a gidan miji ake binne ta, sai in ta bar magana. Kawunta ya kira ni gaban dattawa ya ce, "Malama, ke kin zauna da ƴarmu har ƙarshe. Ya bar wani magana?" Mijinta ma, yana share hawaye, ya ce duk abin da ta faɗa shi za a yi. Ba wanda ya tsorata ni, ba wanda ya hana ni. Na buɗe bakin nan nawa na ce, "Ba ta ce komai ba, Baba." Haka aka binne ta a Kagoro. Kun san dalili? Kagoro minti kaɗan ne a mashin daga gidana, Godogodo kuwa tafiya ce. Na so ta kusa da ni, shi ke nan. Wace irin ƙawa ce ke ƙwace gawa daga hannun uwa? Duk Asabar ina zuwa in cire ciyawa a kabarin, in ba ta labarin makaranta, mutane suna cewa ba su taɓa ganin amana irin tawa ba. Ita kuwa Mama ko sau ɗaya ba ta ga inda ƴarta take ba.

Asabar mai zuwa za a yi sujadar tunawa, a rufe kabarin da siminti. Shekaranjiya na je Godogodo na kai wa Mama zanen taron. Na same ta a kujera a bakin ƙofa, ta rame ƙwarai. Ta shafa zanen ta ce, "Ban yi fushi ba, ƴata. Yarinya ya yi aure ya manta gida, haka duniya yake. Amma na ɗauka zai tuna da ni a ƙarshe." Sai ta miƙo mini wani gwangwanin madara da ta wanke, ta ce, "Kafin su sa siminti, ki ɗebo min ƙasa kaɗan, in ajiye kusa da gadona. Ke kaɗai na yarda da shi."

Na karɓa, jama'a. Har godiya ta yi mini.

In na yi magana yanzu, tone ta za a yi bayan shekara guda? Da wane ido zan dubi mijinta da ƴaƴanta? In kuma na yi shiru, tsohuwar nan za ta mutu tana zaton ƴarta ta manta da ita. Na yi addu'a, na yi azumi, ban ga hanya ba. Saura kwana huɗu, gwangwanin yana cikin jakata. Me zan yi?